Kafin ka zuba kuɗinka a bindigar farauta mara nauyi, ga yadda ake gwada ta

Akwai abin da nake yawan gani a shagunan bindiga a nan jihar Kolorado ta Amurka, musamman in kaka ta matso lokacin farauta ya kusa. Mutum zai ɗauki bindiga ya ɗan jijjiga ta a hannu yaji ba nauyi, ya ɗora a kafaɗa ya auna bango, sai mai shago ya zaro waya ya nuna masa hoton takarda da ramuka uku sun haɗe wuri ɗaya kamar da ƙusa guda aka huda su, shikenan magana ta ƙare an biya kuɗi. Wallahi abun yana damuna, domin duk cikin abubuwan nan ba wanda ya gaya maka abinda bindigar zata yi ranar da ka hau dutse tun asuba, hannunka ya sandare da sanyi, kana haki, dabba kuma tana tsaye ta baka daƙiƙa goma kacal. Bindiga mara nauyi bindigar harbin farko ce. A kan wannan harbin ɗaya ake yi mata hukunci, kuma duk abinda zan faɗa a ƙasa hanya ce ta gano ko harbin farkon nan zai je inda ka aika shi.

Irin bindigar da nake magana a kai ita ce mai sakata, wadda zaka ɗaga hannunta ka ja baya kwanso ya faɗo, ka tura gaba sabon harsashi ya shiga ka kulle, daidai yadda ake buɗe sakatar ƙofa a rufe. Tsohon tsari ne, tun Mauser ta 1898 ta Jamus kusan fasalin bai canza ba, kuma har yau shi maharba suka fi yarda da shi in ana maganar daidaito saboda ba kayan motsi da yawa a ciki. Misalin da zan riƙa kawowa shi ne Tikka T3x Lite, wadda kamfanin Sako ke ƙerawa a garin Riihimäki na ƙasar Finlan, ta fito a 2016, nauyinta tsirara wajen kilo 3. Na ɗauke ta ne don tana da yawa a hannun mutane a filayen harbi, amma gwajin ɗaya ne ko wace iri ce a hannunka.

Magana ɗaya kafin mu shiga. Takardu su fara cika. A nan sai an binciki tarihinka kafin shago ya miƙa maka, kuma lasisin farauta daban yake da kwas ɗinsa. A Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta sa irin wannan bindigar sai da lasisi daga hukumar 'yan sanda, ba irin adakar mafarautanmu bace da ake ratayawa a fita daji. Wanda bashi da takarda wannan jagorar ba tasa bace tukuna.

Mataki na farko, ka yanke wa kanka aikin da zata yi, ka faɗi gaskiya

Kowa so yake ya samu guda ɗaya da zata yi masa farauta ta kuma yi masa gasa a filin harbi, to amma ayyukan nan biyu jan juna suke. Bindigar gasa so ake tayi nauyi ta zauna daram, shiyasa zaka ga 'yan gasar harbin nesa da bindigogi masu kilo 8 har sama, bututu kauri kamar bodin famfo. Ta farautar dutse kuma so ake ta zama ba nauyi don kai zaka goya ta awa shida ko bakwai a wurin da iska tayi ƙaranci, birnin Denba kansa yana sama da teku da wajen mita 1,600, duwatsun da ake farauta a ciki sun ninka haka. Ko gasar NRL Hunter da aka tsara don ta yi kama da farauta, ajin marasa nauyinta iyakarsa fam 12 ne, wato wajen kilo 5.4 da komai da komai, kaga ko su sun san kilo 3 ba nauyin gasa bane. Don haka ka tambayi kanka, cikin fita goma nawa ne daji nawa ne fili. In takwas fili ne kana harba kwalin harsashi biyu uku a zama ɗaya, ka haƙura da mara nauyi ka nemi mai kaurin bututu. In kuwa daji ne yafi yawa, fili don koyo ne kawai, to mu ci gaba.

Harsashin da zata ci shima nan ake yanke shi. Guda biyu ne suka fi dacewa da aikin nan mai fuska biyu, .308 Winchester da ya fito a 1952 da kuma 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya fitar a 2007. Na biyun shurinsa, wato bugun da bindiga ke yi wa kafaɗa in ta tashi, yafi sauƙi kuma iska bata cika karkatar da shi ba a nesa, na farkon ana samunsa ko'ina kuma bututu yafi daɗewa da shi. In dabbar da kake nema babba ce irin elk, wata babbar barewa wadda namijinta ke haura kilo 300, girman gwanki ko fiye, mutane da yawa kan tafi .30-06 ko abinda ya fi, amma ka sani duk ƙarfin da ka ƙara kafaɗarka ce zata biya. Ka kuma duba dokar jiharka, Kolorado misali bata yarda a harbi manyan dabbobi da harsashin da kaurinsa ya gaza inci .24 ba.

Mataki na biyu, ka auna ta da kayanta a jiki

Nauyin da aka rubuta a kwali na tsirarar bindiga ne. Ba haka zaka ɗauke ta ba. Madubin saiti, wato sikof, zai ƙara rabin kilo zuwa giram 800, ga zobban da ke riƙe shi, ga maratayi, ga harsasai a magazin, in ka sa mata ƙafafu biyun nan na gaba ma wani nauyin ne, sai kaga kilo 3 ya zama 4 ko ya ɗan wuce. Ka samu sikelin rataye irin na auna jakar tafiya ka auna ta a haka. Ni a ganina kilo 3.6 zuwa 4 da komai a jiki shi ne wurin da yafi daɗi. Akwai waɗanda suka fi haka rashin nauyi sosai, irin Kimber Mountain Ascent da bata kai kilo 2.5 ba, akwai kuma masu bututun da aka naɗe da zaren kabon irin na Christensen Arms, suna da daɗin ɗauka ba ƙarya, amma lissafin shuri baya yi wa kowa alfarma. In harsashi ɗaya ne, ka rage nauyin bindiga da rabi to ƙarfin shurin da zai sauka a kafaɗarka ya ninka biyu. Kuma ba zafin ne kaɗai matsalar ba, bindiga mara nauyi tana jin komai, bugun zuciyarka, numfashinka, ɗan matsin yatsa, duk sai ya nuna a takarda.

Sai ka ɗora ta a gefen tafin hannu ka nemi inda take daidaita. In a wajen magazin ne ko ɗan gaba kaɗan, lafiya. In nauyin duk ya koma baya to bakinta zai riƙa yawo in ka tsaya harbi a tsaye.

Mataki na uku, binciken hannu, kuma anan nafi so ka ɓata lokaci

Da farko ka cire magazin, ka buɗe sakata, ka leƙa ɗakin harsashi da ido ka kuma sa yatsa ka taɓa. Ko a shago ne, ko mai ita ya rantse maka ba komai a ciki. Kowace bindiga ana ɗaukarta a matsayin mai harsashi, baki baya kallon mutum, yatsa baya shiga wurin kunama sai an shirya harbi, kuma sai ka san abinda ke bayan abinda kake auna. Waɗannan huɗun ba'a sassauta su.

Yanzu ka gwada sakatar. Ka ɗora bindigar a kafaɗa kamar zaka yi harbi, ba tare da ka sauke ta ba ka ɗaga ka ja ka tura ka kulle, da sauri, sau goma ko fiye. Abinda kake nema shi ne ko tana cijewa in ka tura ta a ɗan karkace, da ko hannun sakatar yana gogar sikof ko yana matse maka babban yatsa. Tikka an santa da santsin sakata, kuma hannunta baya ɗagawa sama sosai kamar na tsofaffin samfura masu digiri 90, shiyasa ake iya sa mata sikof ƙasa-ƙasa. Ka nemi harsasan gwaji marasa albarushi ka cika magazin ka zagaya su duka, a hankali sau ɗaya da ƙarfi sau ɗaya, ka ga ko na ƙarshen yana shiga lafiya don shi yafi kawo gardama, ka ga kuma ko kwanso yana fita waje ko yana bugun sikof ya dawo ciki. Ka gwada cire magazin da safar hannu mai kauri, don ranar farauta da ita zaka kasance.

Sai kunama. Kunama mai kyau bata ja, bata ƙara, tana nan tsaye sai kawai ta karye kamar an karya tsinken ashana. Ta Tikka ana iya daidaita ƙarfin jan da take buƙata tsakanin kilo 1 zuwa 2, kuma don farauta ni bana son a sauko ƙasa da wajen kilo 1.2, saboda yatsan da sanyi ya kama baya jin abinda yake taɓawa. Akwai ɗan ma'auni da ake saƙalawa a ja, ka auna sau biyar ka ga ko lambar tana maimaita kanta, maimaituwar tafi sauƙin muhimmanci. Daga nan kayi gwajin da mutane da yawa basa yi, alhali shi ne na tsaron rai. Bindiga ba harsashi, baki na kallon inda ba kowa, ka rufe sakata da ƙarfi ka ji ko ta tashi da kanta. Ka sake ɗanawa ka buga gindin ƙotar a kan darduma mai kauri sau biyu uku. Ka sake, ka sa sefti, wato makullin da ke hana ta tashi, ka ja kunama da ƙarfi, ka cire yatsa, sannan ka cire seftin. In a ɗaya daga cikin nan ukun kaji ƙas, to a ajiye ta sai maƙerin bindiga ya duba, ba'a ciniki a kan wannan. Ka kuma san halin seftinka, na Tikka matsayi biyu ne kuma in ka sa shi yana kulle sakatar gaba ɗaya, abu mai kyau in kana ratsa ƙaya don bazata buɗe ba, amma ma'anarsa sai ka cire sefti kafin ka fitar da harsashin da ke ciki, to dole hankalinka ya kasance a wurin. Winchester Model 70 nata matsayi uku ne, na tsakiyan yana barinka ka buɗe sakata kunama na kulle.

Sai bututu da ƙota. Yawancin bindigogin zamani an yi su ne yadda bututun baya taɓa ƙota daga gaba har kusa da gindinsa, don in harsashi ya tashi bututun yana girgiza kuma ana so ya girgiza iri ɗaya kullum. Ka ɗauki takardar kuɗi ka zagaya ta ƙarƙashin bututun ka ja ta baya, ya kamata ta wuce sumul. Amma kar ka tsaya nan, ka ɗora gaban ƙotar a kan buhun yashi ko ƙafafunta ka ɗan danna kamar yadda zaka yi a gaske ka sake zura takardar, domin ƙotar roba mara nauyi takan lanƙwasa ta taɓo bututu in an matsa mata, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa harbi ya kauce. Ka leƙa leɓen bututun da fitila, inda harsashi ke rabuwa da shi, ko ƙaramin tabo a wurin yana ɓata daidaito. Ka duba adadin murɗin tsagin cikin bututu, wanda ke sa harsashi juyawa, da aka rubuta, 6.5 Creedmoor yawanci zagaye ɗaya ne a inci 8 don ya iya riƙe dogayen harsasai masu giren 140 da ɗoriya (giren awon nauyin harsashi ne), .308 kuma tsakanin inci 10 zuwa 12.

Na ƙarshe a nan, ka rufe ido ka ɗaga bindigar zuwa kafaɗa ka kwantar da kunci yadda yayi maka daɗi sannan ka buɗe ido. In kaga hoton sikof a cike to ta dace da jikinka. In sai ka ɗaga kai ko ka miƙa wuya, to a gyara, ko a ƙara matashi a ƙota ko a canza tsayin zobba. Kayi wannan da rigar sanyin da zaka sa a daji, don kaurin riga yana ƙara tsawon ƙota.

Mataki na huɗu, ɗaura sikof

Ba zaka iya yi wa bindiga hukunci da sikof mai motsi ba. Na taɓa shafe kusan wata guda ina zargin wata bindiga, na canza harsashi na wanke bututu na sake wankewa, ashe zobba ne masu araha da na saya suke barin sikof ɗin yana zamewa kaɗan kaɗan a kowane harbi, kuma bindiga mara nauyi tafi kowace girgiza sikof saboda shurinta mai kaifi ne. Araha bata ado, musamman a zobba. Ka goge mai daga notuna, ka ɗaure da sukudireba mai awon ƙarfi daidai lambar da kamfanin zobban ya rubuta, haka ma notuna biyun da ke haɗa ƙarfen bindigar da ƙota, ka bi lambar da ke littafinta. Ka bar tazarar wajen santimita 8 zuwa 10 tsakanin idonka da sikof don kar ya sare maka gira. Sai ka ɗiga alamar fenti ko jan farce a inda zobe ya haɗu da jikin sikof, in ya motsa zaka gani da ido.

Mataki na biyar, filin harbi

Ka toshe kunne da abin toshewa ka kuma ɗora na rufewa a kai. Ƙarar irin wannan bindigar tana haura desibel 150, kuma daga 140 harbi ɗaya ma yana iya yi wa ji lahanin da baya warkewa. In bindigarka tana da birkin baki mai rage shuri to ƙarar ta ma fi haka, kai da na kusa da kai.

Ka fara a mita 25. Ka zare sakatar gaba ɗaya, ka kafa bindigar a buhunan yashi, ka leƙa ta cikin bututun har ka ga tsakiyar takarda, sai ka murɗa sikof ya zo wurin ba tare da bindigar ta motsa ba. Harbi ɗaya ko biyu ka tabbatar kana kan takarda, sai ka koma mita 100. Lissafin murɗawa ba wuya, awo iri biyu ake yi wa sikof, MRAD da MOA, in sikof ɗinka na MRAD ne kowane ƙas ɗaya santimita 1 ne a mita 100, in na MOA ne mai kashi huɗu kowane ƙas wajen milimita 7 ne, domin MOA ɗaya wajen santimita 2.9 ne a mita 100, ko kace inci ɗaya a yadi 100.

Yanzu ga maganar da tafi komai. Kamfanoni da yawa, har da Tikka, suna bada tabbacin cewa harbi uku zasu taru cikin MOA ɗaya da harsashi mai kyau. Ba ƙarya suke ba, amma harbi uku shaida ce ƙarama. Lissafi ya nuna cewa bindiga ɗaya da harsashi ɗaya, matsakaicin faɗin tarin harbi biyar yakan fi na uku da wajen kashi 27 cikin ɗari, na goma kuma yakan fi na uku da fiye da rabi, ba don bindigar ta lalace ba sai don kawai an bata dama ta nuna halinta duka. Wato wadda take yin santimita 2 da harbi uku, in ka bata goma kar kayi mamakin ganin 3 da ɗoriya, kuma wannan na biyun shi ne gaskiyarta. Wanda ya harba tari biyar ya ɗauki hoton mafi kyau ya jefar da huɗu, kansa ya ruɗa. Kuma ba'a cire harbin da ya kauce ace ai kuskure ne, sai dai in tun kafin ka leƙa takarda ka faɗa da bakinka cewa wannan ni na ja shi.

To amma ga inda mara nauyi ta bambanta, bututunta siriri ne, harbi uku huɗu a jere ya ɗau zafi, in yayi zafi tarin yakan buɗe ko ya fara tafiya gefe guda, ga kawalwalniya da ke tashi daga bututun tana rawa a gaban sikof tana sa ka auna inda abin baya nan. Don haka kar ka zuba mata goma a jere kace bata da kyau. Ka harba uku, ka buɗe sakata ka jingine ta a inuwa har sai ka iya riƙe bututun da hannu ba tare da jin ɗumi sosai ba, ka sake uku a kan takardar nan dai, haka har ka tara tara ko goma sha biyu a wuri ɗaya. Ka auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar ramin da suka fi nisa da juna. Kayi haka da harsashi iri uku ko huɗu masu nauyi daban daban, domin kowane bututu da abinda yake so, guda biyu da suka fito daga layi ɗaya a masana'anta ma sukan saɓa. Kuma a cikinsu dole a samu harsashin farauta na gaske mai buɗewa a jikin dabba, ba na gasa kaɗai ba. In zaka yi farauta a Kalifoniya ka tuna tun Yulin 2019 sai harsashi mara dalma, to da na tagulla zaka yi gwajin. Wanda ka zaɓa ka sayi kwalaye da yawa masu lambar rukuni ɗaya.

In kana da na'urar auna gudun harsashi, irin ƙaramar Garmin Xero da ta fito a 2023, ka kunna ta duk lokacin nan. Gudun da aka rubuta a kwali yawanci da bututu mai inci 24 aka auna shi, naka in inci 20 ne ko 22 zai gaza haka, kuma lissafin faɗuwar harsashi a nesa da gudunka na gaske ake yinsa.

Ka gwada sikof ɗin shima. Ka manna doguwar takarda a mita 100 ka ja layi a tsaye da ma'aunin magina, ka harba a ƙasa, ka murɗa ƙas 30 sama in na MRAD ne, ka sake auna wurin farko ka harba. Ya kamata ramin ya hau santimita 30 cif kuma ya zauna a kan layin. Ka dawo da ƙas 30 ɗin ka harba, ya koma gidansa na farko. In bai dawo ba matsalar sikof ce, kar a ɗora wa bindiga.

Mataki na shida, harbin sanyi

Wannan ba'a yinsa a rana ɗaya, kuma shi ne zuciyar gwajin duka. Ka ware takarda guda. Duk ranar da kaje fili, kafin komai, harbin farko daga bututu mai sanyi a kanta zaka yi, guda ɗaya tak, ka rubuta kwanan wata da yanayin gari kusa da ramin ka naɗe ta ka ajiye. Bayan zuwa takwas ko goma takardar nan zata gaya maka abinda ba mai shagon da zai iya gaya maka. In ramukan sun taru a inda saitinka yake, ka samu bindigar farauta. In kullum harbin farko yana zuwa wani wuri daban da sauran amma wuri ɗaya ne, to a nan zaka mayar da saitinka don shi ne harbin da zai ci nama. In kuwa warwatse suke ka koma kan notuna da taɓuwar ƙota. Ka lura kuma da bambancin bututun da aka wanke aka shafa wa mai da wanda aka riga aka harba, sau da yawa basa zuwa wuri ɗaya. Ba'a fafe gora ranar tafiya, wannan aikin tun watanni biyu kafin buɗe farauta ake fara shi.

Mataki na bakwai, ka tashi daga kan tebur

A daji ba tebur. Mutanen Finlan da ke ƙera bindigar nan basa barin mutum ya fita farautar manyan dabbobi sai ya ci jarabawar harbi, mita 75, harbi huɗu cikin daƙiƙa 90, duk su faɗa cikin da'ira mai faɗin santimita 23, ta farautar beyar kuma 17. Abin ya burge ni sosai don ba ƙaramin tari suke nema ba, so suke kowane harbi ya shiga inda zai kashe nan take. Ka kwaikwayi wannan. Farantin takarda na cin abinci faɗinsa kusan haka ne, kuma kusan girman wurin huhu da zuciyar barewa ke nan. Ka manna shi a mita 100, ka harba a kwance a kan jakar goyonka, a zaune gwiwar hannu a kan gwiwa, a durƙushe da sanda, a tsaye jingine da icce. Sannan ka yi sassarfa ko ka hau tudu har numfashinka ya ɗaga ka sake. Ka matsa zuwa 200, zuwa 300 in filin ya bada dama, a mita 300 ɗin 6.5 Creedmoor da aka saita a 100 ya riga ya faɗi wajen santimita 40 kuma iska ta fara magana. Nisan da kake iya sa harbi duka a faranti daga wani zama, shi ne iyakarka a wannan zaman, ko da bindigar zata iya fiye da haka.

Anan ne kuma zaka kama zabura. Ka ba abokinka magazin ya cusa harsashin gwaji mara albarushi a tsakanin na gaske ba tare da ka san inda yake ba. In ka ja kunama a kansa kaga bakin bindiga ya nutsa ko idonka ya rufe, to shurin ya fi ƙarfinka a yanzu, kuma ba abin kunya bane. Maganinsa ko ka sauko zuwa harsashi mai sauƙi, ko ka ƙara mata ɗan nauyi, ko ka canza robar gindin ƙota, sannan ka yawaita jan kunama ba harsashi a gida bayan ka tabbatar sau biyu ba komai a ciki. Ina nacewa a kan wannan ne saboda dabbar. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai har a wajen kisa da yanka, kuma harbin da ya fasa ciki ko ya karya ƙafa dabba ta gudu ta kwana tana wahala a daji, ni bana iya ganinsa a matsayin ƙaramin abu. Bismillah ɗin da zaka yi kafin ka ja kunama yana tafiya ne tare da sanin cewa harbin zai je inda ka nufa.

In ta tsallake duk waɗannan, sai shirin fita. Ka rubuta faɗuwar harsashinka na mita 200 da 300 da iyakar nisanka a ɗan salatif ka manna a gefen ƙota. Ka wanke bututu mako ɗaya ko biyu kafin tafiya, ka koma fili ka harba biyu uku don ya koma yanayin da kayi saiti a kai, daga nan kar ka sake wanke shi sai an gama farauta, sai dai in ruwa ya shige shi. In kayi doguwar tafiya a mota ko jirgi, ko bindigar ta faɗi, ka sake harba ɗaya a takarda a inda ka sauka kafin ka shiga daji. Ka manna ɗan salatif na lantarki a bakin bututu don kar ƙanƙara ko laka ta shiga, iskar da ke gaban harsashi zata fasa shi kuma baya taɓa saiti. In ka dawo gida ka zare sakatar, bindiga a akwatin ƙarfe a kulle, harsasai a wani wurin daban, makullin kuma a inda yara basu sani ba.